Jiya, Yau da Gobe a Rumbun Bayanai: Tarihin Yadda Kwamfuta Ta Karɓi Kalmomin Lokaci

Gabatarwa

A kantuna da yawa na ƙasar Hausa akan ga wani ɗan rubutu a jikin bango wanda ke cewa ba bashi yau sai gobe. Mai kanti ya san abin da ya shuka. Wanda duk ya zo neman bashi ya karanta ya koma, in ya dawo washegari zai tarar rubutun yana nan yadda ya bar shi, goben kuwa ta ƙara gaba da kwana guda. Dalili shi ne kalmomi irin su jiya da yau da gobe, waɗanda masu nazarin nahawun Hausa ke sanyawa cikin bayanau na lokaci, ba su da wata tsayayyar rana da suke nufi, ma'anarsu tana rataye ne ga sa'ar da aka furta su ko aka karanta su. Masana harsuna sun daɗe da lura da haka. Otto Jespersen ya yi magana a kansu a 1922, ya ba su sunan da ke nufin masu gusawa, sa'an nan Karl Bühler ya nuna a 1934 cewa duk irin waɗannan kalmomi ana auna su ne daga cibiya guda, watau mai magana da wurin da yake tsaye da lokacin da yake maganar.

Rumbun bayanai na kwamfuta kuwa an gina shi ne domin akasin wannan. Amfaninsa shi ne abin da magatakarda ya shigar yau, wani ya buɗe bayan shekara goma a wani gari dabam ya karanta ma'ana ɗaya tak. To, ta yaya na'urar da ke buƙatar tsayayyar rana ta yarda mutum ya rubuta mata "gobe" ko "Talata mai zuwa" a gurbin kwanan wata? Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda hakan ya faru, mafi yawansa a jami'o'i da kamfanonin Amurka tsakanin 1979 da 2003, da irin tuntuɓen da aka yi kafin a daidaita a kan hanya guda.

Zamanin lambobi zalla

Rumbunan farko sun gaji tsarinsu ne daga kati mai huji na kamfanin IBM, wanda tun 1928 yake da gurabe 80 kacal a kowane kati. Inda gurbi ya yi tsada haka babu wurin kalma. Lamba shida ake ba kwanan wata, biyu na rana, biyu na wata, biyu na shekara, kuma wannan tsumulmular ce ta jawo fargabar da aka yi gab da shekarar 2000. Ko a lambobin ma ba a yi jituwa ba, gama Amurka tana fara rubuta wata, Ingila da ƙasashen da ta mallaka, har da Nijeriya, suna fara rubuta rana, saboda haka 03/04/85 yana iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris. Sai a 1988 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba 8601 wadda ta jera shekara, wata, rana. Harshen SQL, wanda da shi ake magana da yawancin rumbuna, ƙa'idarsa ta farko ta 1986 ba ta ma ware wa kwanan wata nau'i na kansa ba, sai wadda aka fitar a 1992, ita ma lambobi zalla ta yarda da su.

An yi ƙoƙari dabam na koya wa na'ura amsa tambaya da Turancin yau da kullum, tun daga manhajar BASEBALL ta 1961 zuwa LUNAR ta William Woods wadda ke amsa tambayoyi a kan duwatsun da aka kwaso daga duniyar wata, zuwa Q&A da kamfanin Symantec ya fitar a 1985. Amma waɗannan sun fi ƙarfi ne wajen ɗebo abin da ke cikin rumbu. Shigar da kalmomin lokaci ta ɓullo ne ta wata ƙaramar ƙofa.

Nahawun Bellovin

Ƙofar ita ce manhajar Unix ta ɗakin binciken kamfanin Bell. Unix ba ta san rana ko wata ba, daƙiƙoƙi kawai take ƙirgawa tun daga tsakar daren 1 ga Janairu, 1970, bisa agogon Girinic, don haka dole a sami tafinta tsakanin wannan doguwar lamba da bakin mutum. A bugu na bakwai na Unix, wanda ya fito a 1979, akwai umarni mai suna "at" wanda mutum ke amfani da shi ya gaya wa na'ura ta yi wani aiki a wani lokaci nan gaba. Nau'o'insa na baya sun karɓi kalmomin Turanci na tsakar rana da tsakar dare da gobe, har da "teatime", lokacin shan shayi, wanda aka yanke masa ƙarfe 4 na yamma. Abin lura, da Linus Torvalds da abokan aikinsa suka tsara manhajar Git daga 2005, su ma sun sa lokacin shayi cikin kalmomin da take ganewa, amma ƙarfe 5 suka ba shi. Ko a kan shayi ma Turawa ba su haɗu ba.

Aikin da ya fi kowanne barin zuri'a shi ne wanda ake kira getdate. Steven Bellovin ne ya fara rubuta shi sa'ad da yake ɗalibin babban digiri a Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, inda ya taimaka wajen kafa Usenet, hanyar musayar saƙonni tsakanin kwamfutocin jami'o'i, a 1979. Saƙonni suna zuwa daga na'urori iri-iri, kowace da salon rubuta kwanan watanta, ana kuwa buƙatar abin da zai karance su duka. Wasu sun yi ta ƙari a kansa, har Rich Salz da Jim Berets suka yi masa garambawul a watan Agusta na 1990. Daga wannan ne umarnin kwanan wata na GNU, wanda ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, ya samo asali.

Abin da zai ja hankalin mai nazarin harshe shi ne, getdate nahawu ne a zahiri. An rubuta shi da wata manhaja mai suna yacc, wadda ake ba ta ƙa'idojin ginin jimla irin na li'irabi, ita kuma ta samar da abin da zai feɗe duk jimlar da aka kawo mata. Akwai ɗan ƙaramin ƙamus: sunayen watanni da ranaku, ma'aunan lokaci daga daƙiƙa zuwa shekara, har da kalmar Ingilishi ta mako biyu, da kalmomin jiya da yau da gobe da yanzu. Akwai kuma ƙa'idoji, misali lamba in ta haɗu da ma'auni ta ba da tazara, in kalmar "ago" ta biyo baya a juya tazarar ta koma baya. Kowace kalma a ƙamus ɗin an ba ta lamba. Gobe, a bugun 1990, minti 1,440 ce a kan yanzu, ba ƙari ba ragi.

A nan ne harshe ya fara nuna halinsa. An jera kalmomin matsayi, na farko 1, na uku 3, na huɗu 4, har zuwa na goma sha biyu, amma aka tsallake na biyu, domin a Turanci kalmar "second" ita ce na biyu ita ce kuma daƙiƙa, nahawun kuwa ba shi da hanyar rarrabe su. Sai aka ba kalmar "next", mai zuwa, lamba 2 ta cike gurbin. Wannan ya dace da masu magana waɗanda in sun ce Juma'a mai zuwa suna nufin ta makon gaba, su tsallake wadda ke tafe, amma ya saɓa wa waɗanda ke nufin Juma'ar da ta fi kusa. Daga baya masu kula da nau'in GNU suka mayar da ita 1. Ba a warware saɓanin ba, an dai koma wa ɗaya ɓangaren ne, gama masu harshen kansu ba su yarda da juna ba a kan abin da kalmar take nufi.

Wata ma ya ba da wahala. Littafin jagora na GNU da kansa ya yi gargaɗi cewa in aka ce a koma baya da wata ɗaya daga 31 ga Yuli, 2003, ana iya samun 1 ga Yuli, saboda na'urar tana fara lissafa 31 ga Yuni, ta ga babu irin wannan rana, ta tura ta gaba. Rumbun PostgreSQL zai ba da 30 ga Yuni. In kuma aka ƙara wata ɗaya a kan 28 ga Fabrairu, 2003, PostgreSQL zai ce 28 ga Maris, amma aikin ƙara watanni na rumbun Oracle zai ce 31 ga Maris, domin shi a ganinsa ƙarshen wata sai ya haifi ƙarshen wata. Ma'aikacin banki da ke lissafin ranar biyan bashi ya san kwana uku ba abin wasa ba ne.

Darasin Bakale

A rumbunan bayanai na ainihi, zuri'ar da ta fi buɗe wa kalmomi ƙofa ita ce ta Jami'ar Kalifoniya da ke Bakale. A can Michael Stonebraker da Eugene Wong suka fara gina Ingres a farkon shekarun 1970, kuma Ingres na kasuwa ya karɓi kalmomin yau da yanzu a gurbin kwanan wata. Magajinsa Postgres, wanda aka fara a 1986 ya kuma zama PostgreSQL a 1996, ya faɗaɗa jerin: yanzu, yau, gobe, jiya, da kalmar da ke nufin farkon ƙirgar Unix, da wasu biyu na lokacin da ya wuce kowane lokaci da wanda ya riga kowane lokaci, da kuma "allballs", watau ƙarfe 00:00:00, wadda sifirinta shida aka kamanta da ƙwallaye. Gobe a nan tana nufin tsakar daren da gobe ke farawa, saɓanin ta getdate mai riƙe da sa'ar da ake ciki. Yanzu kuwa tana nufin sa'ar da aka buɗe aikin da ake kai, ko da an shafe minti goma ana yinsa.

Amma tsofaffin bugu na PostgreSQL suna da kalma biyu na yanzu, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne zuciyar wannan tarihi. Ɗaya ita ce "now": da zarar an shigar da ita sai na'ura ta dubi agogo, ta rubuta lambar da ta gani, ta yar da kalmar. Ɗayar ita ce "current": ita kalmar kanta ake ajiyewa a rumbu, duk sa'ad da aka zo karantawa a sake duban agogo. Wannan ita ce rubutun mai kanti sak. Akwai hikima a cikinta, domin wanda ke rubuta tarihin ma'aikaci yana so ya ce ya kama aiki ranar kaza kuma yana nan har yanzu, wannan yanzun kuwa tana tafiya tare da mai karatu. Sai dai rumbu yana jera abin da ke cikinsa bisa tsari, yana kuma gina fihirisa a kan wannan jeri don saurin nema. Ƙimar da ke gusawa da kanta, yau tana bayan wata rana gobe ta wuce ta, ba ta zama inda fihirisa ya ajiye ta. Masana sun ɗauki batun da muhimmanci, har James Clifford da Richard Snodgrass da wasu abokan aikinsu uku suka buga doguwar maƙala a 1997 a kan ma'anar kalmar yanzu a rumbun bayanai. A bugu na 7.2, wanda ya fito a watan Fabrairu na 2002, aka cire "current" ɗungurungum, aka shaida wa masu amfani da ita su sake rubuta manhajojinsu. Ƙa'idar SQL ta 2011 ma, da ta zo kan bayanin da har yanzu yake aiki, rana mafi nisa da rumbu zai iya riƙewa ta zaɓa, wadda a aikace ita ce 31 ga Disamba, 9999.

Cire ta bai kashe matsalar ba, gama sauran tambaya ita ce: yaushe ake ɗaukar an furta kalmar? Mai tsara jadawali yakan so ya ce duk layin da aka shigar ba tare da kwanan wata ba, a sa masa yanzu. In ya rubuta kalmar "now" a matsayin wannan umarni, tun daga bugu na 7.4 na 2003 na'urar tana fassara ta nan take, a ranar da aka ƙirƙiri jadawalin, sa'an nan duk layin da ya shigo bayan haka, ko bayan shekara biyar, ya ɗauki wannan tsohuwar rana. Littafin jagorar PostgreSQL yana gargaɗi a kan wannan, yana cewa a yi amfani da aikin duba agogo na SQL a maimakonta. Hans Reichenbach ya riga ya rarrabe a 1947 tsakanin lokacin magana da lokacin aukuwa da lokacin da ake aunawa daga gare shi. Masu rumbuna sun sake gano wannan rabe-rabe ne ta hanyar ɓarnar bayanai. Ga kuma tambayar wuri. Magatakarda a Kano da ya shigar da yau da ƙarfe 12:30 na dare a rumbun da aka saita bisa agogon Girinic, jiya za a rubuta masa, domin can ƙarfe 11:30 ne, ranar ba ta juya ba tukuna.

Na'ura mai shisshigi

Duk waɗannan suna aiki ne a gurbin da aka ware wa kwanan wata. A 1988 kamfanin Lotus ya fitar da Agenda, wadda Mitch Kapor da Jerry Kaplan da Ed Belove suka tsara, rumbu ne da mutum ke zuba wa jimloli yadda suka zo masa, ita kuma ta tsinto kwanan wata daga ciki ta jera su. Masu amfani da ita sun ƙaunace ta, amma ta yi wuyar koyo, kamfanin ya bar ta cikin 'yan shekaru. Dabarar dai ta rayu a manhajojin kalanda da na wayoyin hannu.

Tsintar kwanan wata ba tare da an nema ba tana da nata haɗari. Manhajar Excel, wadda ofisoshi da yawa suka mayar rumbunsu, takan juya duk abin da ya yi kama da kwanan wata ya koma kwanan wata. Masu binciken ƙwayoyin gado suna da sunaye irin su SEPT2 da MARCH1, Excel kuwa sai ta mayar da su 2 ga Satumba da 1 ga Maris. Binciken da Mark Ziemann da abokansa suka buga a 2016 ya sami irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka duba masu ɗauke da jerin sunayen a Excel. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya ba da kai, ya sauya sunayen, MARCH1 ta zama MARCHF1. Sai a 2023 Microsoft ya ba da hanyar kashe wannan juyi.

Ƙamus na harshe guda

Kalmomin musamman na PostgreSQL da na getdate Turanci ne zalla, ko da wane harshe aka saita kwamfuta. Taskar bayanan harsuna ta ƙungiyar Unicode tana ɗauke da sunayen ranaku da watanni na Hausa, har da jiya da yau da gobe, amma yawanci ana amfani da ita ne wajen nuna wa mutum kwanan wata, ba wajen karɓa daga gare shi ba. Wanda zai rubuta wa Hausa irin nahawun Bellovin zai sami wani ɓangaren da sauƙi ƙwarai, domin Hausa ta fi Turanci wadata a nan: shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata, citta, kowace kalma guda da lambarta daga ragin 2 zuwa ƙarin 4, bara da bana da baɗi haka nan, rana ita yau kwana 7. Bai kai wahalar mai Hindi ba, wanda kalma ɗaya ke masa jiya da gobe, sai aikatau ya bambanta.

Wahalarsa tana wajen sa'o'i. Lokacin shayi an iya yanke masa ƙarfe 4, amma asuba da hantsi da azahar da la'asar da magariba suna bin rana ne, suna gusawa daga damina zuwa hunturu, kuma ta Maiduguri tana riga ta Sakkwato da kusan rabin sa'a, don haka sai na'ura ta san gari da ranar shekara kafin ta ba da lamba. Daren Juma'a a bakin malami shi ne daren da Alhamis ta faɗi, domin a lissafin Musulunci dare ke gaba da yini, amma a bakin mai karanta labarai sau da yawa daren da ya biyo yinin Juma'a ne. Wannan saɓani daidai yake da na lamba 2 da lamba 1.

Sai kuma watan gobe. Rumbun SQL Server na Microsoft yana juya kwanan wata zuwa na Hijira ta hanyar lissafin da ake kira na Kuwaiti, wanda ke jera watanni 30 da 29 bi da bi, ya ƙara kwana ɗaya a shekara 11 cikin kowace 30. Lissafin yakan saɓa wa ganin wata da kwana ɗaya ko biyu. A Nijeriya 1 ga Ramalan ko 1 ga Shawwal ba ta tabbata sai an ga jinjirin wata kuma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa, saboda haka magatakardan da aka ce wa ya sa zama ranar uku ga Salla, in ya shigar da ranar tun ana tsakiyar azumi, yana iya komawa ya gyara ta a daren 29 ga wata.